Daga Bodinga zuwa Gadabeji: abin da waya za ta iya da abin da ba za ta iya ba a inda babu sabis

Duk wanda ya saba bin titin da ya taso daga Shagari ya ratsa Bodinga ya shiga Sakkwato ya san cewa a bakin kwalta waya ba ta cika ba da matsala ba. Da zarar an saki titi an nausa ƙauyuka, sandunan sabis sukan fara raguwa ɗaya bayan ɗaya. A nan gida abin bai wuce ɓacin rai ba, domin ko mota ta lalace ba a rasa mai babur ko makiyayin da zai wuce. A gandun dajin da ke bakin hamada kuwa, rashin sabis da mutuwar batir suna iya zama maganar rai da mutuwa.

Matasa da dama suna ganin hotunan tuddan rairayi a TikTok da Instagram suna sha'awar zuwa. Ga bayanin inda ya fi kusa da mutumin Sakkwato, da yadda ake shirya waya kafin a kama hanya.

Ina ne wurin?

Jihar Sakkwato ba ta da gandun dajin ƙasa na hamada. Na kusa yana Jamhuriyar Nijar: gandun Gadabeji, a arewacin Dakoro cikin jihar Maraɗi. An keɓe shi a 1955, faɗinsa kimanin hekta 76,000, kuma hukumar UNESCO ta sa yankin cikin jerin wuraren kare halittu a 2017. A watan Nuwamban 2018 aka kwaso raƙuman dawa takwas daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka sake su a can, bayan shekaru masu yawa da ɓacewarsu daga wurin. Gadabeji ƙasar makiyaya ce, Buzaye da Fulani, mai yashi da ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Ainihin hamada tana can gaba a jihar Agadas, inda gandun Azbin da Tenere yake, mai faɗin hekta miliyan 7.7, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1991.

Mai tasowa daga Shagari ko Bodinga zai bi ta Sakkwato, Kware, Gwadabawa, Illela, ya tsallaka Birnin Ƙonni. Daga nan sai gabas ta Galmi da Madawa, kafin a kai Maraɗi a karkata arewa zuwa Dakoro. Bayan Dakoro hanya takan koma ta yashi, sabis kuma ya zama na sa'a.

Tun kafin maganar waya akwai maganar tsaro. An rufe iyakar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka sake buɗewa a Maris ɗin 2024, kuma sassan hanyar suna fama da 'yan bindiga. Ba a yin wannan tafiya sai an tambayi halin da ake ciki a makon tafiyar, an nemi izinin ma'aikatan gandun daji, an kuma samu ɗan jagora ɗan ƙasa.

GPS daban, sabis daban

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa idan babu data, taswira ma ta mutu. Hanyoyin biyu ba ɗaya ba ne. Kira da data suna bi ta turakun kamfanonin sadarwa da ke ƙasa. GPS kuwa saƙo ne da ke saukowa daga taurarin ɗan'adam da ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200. Waya sauraro kawai take yi, ba ta aika musu komai. Idan ta ji aƙalla huɗu daga cikinsu, sai ta auna lokacin da saƙon kowanne ya ɗauka kafin ya iso, ta fitar da inda take. Yawancin wayoyin yanzu suna haɗawa da GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da BeiDou na Sin.

Saboda haka shuɗin ɗigon nan na taswira yana aiki ko babu sim a wayar. Sai dai idan babu data yakan ɗauki 'yan mintuna kafin ya daidaita, don haka a tsaya a fili a ba shi lokaci. Abin da data ke kawowa shi ne hoton taswirar kanta. In ba a sauke ta ba, ɗigon zai fito a kan farin allo babu titi babu gari.

Akwai abu na biyu da ya fi wannan muhimmanci: GPS yana gaya wa mai waya inda yake, amma ba ya gaya wa kowa. Mutum zai iya sanin matsayinsa daidai, amma babu hanyar da zai sanar da gida.

Sauke taswira tun daga gida

A Google Maps, ana taɓa hoton asusu a sama, a shiga Offline maps, a zaɓi yankin da ake so, a sauke. Tunda hanyar tana da tsawo, sai an yanka ta kashi-kashi: Sakkwato zuwa Ƙonni, Ƙonni zuwa Maraɗi, Maraɗi zuwa arewacin Dakoro. Taswirar da aka sauke tana ba da hanyar mota kawai, kuma tana da wa'adi, don haka a sabunta ta kafin tafiya.

Kada a dogara da manhaja ɗaya. Organic Maps da OsmAnd suna amfani da taswirar OpenStreetMap, an kuma gina su ne don aiki babu intanet. OsmAnd tana iya zana sawun tafiya ta adana shi a fayil ɗin GPX. A wurin da sawun taya goma ya rarrabu, iska kuma ta share na baya, wannan zanen shi ne zai mayar da mota inda ta fito.

A kuma koyi karanta lambobin wuri. Birnin Sakkwato yana wajajen 13.06 arewa, 5.24 gabas. Lambobi biyu irin waɗannan sun isa a gano mutum, kuma suna shiga cikin gajeren saƙon tes, wanda sau da yawa yakan fita a inda kira da WhatsApp suka gagara.

Batir da zafin rana

Wayar da ke neman sabis a inda babu tana ƙara ƙarfin lalubenta, caji ya zube a banza. Maganinsa shi ne a sa ta a yanayin jirgin sama. A yawancin wayoyi GPS yana ci gaba da aiki a haka. Sai a riƙa cirewa lokaci-lokaci, musamman a kan tudu ko kusa da gari, a duba ko sabis ya shigo.

Lambar da ke jikin fawa-bank ma tana yaudara. Mai 20,000mAh ba zai cika wayar 5,000mAh sau huɗu ba, domin wani kaso yana salwanta wajen sauya ƙarfin wuta da zafi. Abin da ke isa waya bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba, wato kamar cikawa biyu da rabi. Na jabu ko rabin haka ba ya yi, shi ya sa ake gwada shi a gida. A haɗa da cajar mota da igiyar caji biyu.

Kamfanin Apple ya ce an ƙera iPhone don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba. Bazarar Sakkwato tana haura 40. Wayar da aka maƙala a gilashin gaban mota tana nuna taswira tana caji a lokaci guda za ta rage haske, ta daina caji, wani lokaci ta kashe kanta. A ajiye ta a inuwa, a cire mata riga. Lokacin da ya fi dacewa da tafiyar shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu, sai dai ƙurar hunturu tana toshe ramin caji, don haka leda mai zif tana da amfani. Ko a Ostireliya, hukuma tana rufe gandun hamadar Simpson daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris kowace shekara, saboda a lokacin ne suke tsakiyar zafi.

Layi, kuɗi da tauraron ɗan'adam

Layin Najeriya yakan ɗan bi mutum zuwa Ƙonni, daga nan sai romin mai tsada. Ya fi sauƙi a yi rajistar layin Nijar, na Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecoms, a tambayi direbobin Dakoro wanda ya fi kamawa a can. A adana lambobi da +227 ko +234 a gabansu. Manhajar banki ba ta aiki babu intanet, don haka a canji sefa a riƙe a hannu. Hoton fasfo da katin rigakafi su kasance cikin wayar kanta.

Wasu sun ji cewa iPhone 14 da na bayanta suna aika saƙon gaggawa ta tauraron ɗan'adam. Gaskiya ne, an fara a Amurka da Kanada a Nuwamban 2022, amma a ƙasashen da Apple ya lissafa kawai yake aiki, saboda haka kada a gina shiri a kansa. Abin da direbobin Sahara suka daɗe suna riƙewa shi ne wayar Thuraya. Akwai kuma ƙaramar na'urar Garmin inReach mai aika saƙo ta taurarin Iridium. Jami'an tsaro suna sa ido sosai a kan irin waɗannan na'urori, haka ma jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto, don haka a tambayi doka kafin a sa su a jaka.

Abin da ba ya cikin waya

A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, yawancinsu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Ruwa ne farko: aƙalla lita biyar ga kowane mutum a rana, da ƙarin na kwana biyu. Mota biyu sun fi ɗaya. Idan mota ta lalace a zauna kusa da ita, domin ta fi mutum saurin ganuwa. Kafin a bar Dakoro a aika wa wani a gida hanyar da za a bi, lambar ɗan jagora, da lokacin da in bai ji komai ba zai fara neman taimako.

Gwajin duk wannan ba ya buƙatar tsallaka iyaka. A sauke taswirar Sakkwato, a sa waya a yanayin jirgin sama, a kunna zanen sawu, a tashi daga Bodinga zuwa Sifawa, ko daga garin Shagari zuwa bakin dam, a dawo ta bin layin da wayar ta zana. A duba cajin da tafiyar ta ci, a kuma rubuta lambobin wurin da aka tsaya. Wanda ya kasa yin haka a hanyar da ya sani tun yana yaro, bai shirya wa Gadabeji ba tukuna.