Karatun 'Ya'yan Baƙi a Unguwar Whalley Range

Whalley Range wata unguwa ce a kudancin birnin Manchester, cikin ƙasar Ingila. Wani attajiri mai banki, Samuel Brooks, shi ya soma gina ta a shekarar 1836. Yanzu kabilu iri iri ke zaune cikinta, da Turawa da 'yan Pakistan da Larabawa da mutanen Afirka. Bahaushen da ya sauka can da iyalinsa, ko don aikin likita ko don karatu a jami'a, da zarar ya sami masauki sai ya shiga tunanin inda zai sa 'ya'yansa makaranta.

Bisa dokar Ingila, tilas ne a ba yaro ilmi tun yana shekara 5 har ya kai 16. Makarantun gwamnati kyauta ne. Amma fa ba a kama hannun yaro haka kurum a kai shi gun hedimasta. Sai uba ya rubuta wa hukumar gari, ya jera makarantun da yake so. Na firamare a rufe karɓa ran 15 ga Janairu, na sakandare kuwa ran 31 ga Oktoba, karatu ya soma a watan Satumba. In masu nema sun yi yawa akan auna nisan gida da makaranta, wanda ya fi kusa shi ya fi samu. Nan ne baƙo kan sha wuya, gama in ya iso tsakiyar shekara sai ya tarar an cike, a ba ɗansa wata can nesa.

Cikin unguwar akwai William Hulme's Grammar School, wadda aka buɗe a 1887. Dā sai mai kuɗi ke sa ɗansa, amma tun 2007 ta zama ta kyauta. Akwai kuma Whalley Range High School, ta 'yan mata zalla, abin da ke kwantar wa iyaye da yawa hankali. St Bede's College ta Katolika ce, ana biya.

Sa'an nan ga zancen addini. Doka ta yarda uba ya janye ɗansa daga darasin addini da addu'ar safe. Wanda wannan bai ishe shi ba yana iya neman makarantar Musulmi, kamar Kassim Darwish ta maza, nan cikin unguwar. Sai dai kuɗinta ba kaɗan ba ne, balle tun watan Janairu na 2025 da aka ɗora harajin kashi 20 bisa ɗari a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu. A Birmingham kuwa gwamnati ta ɗauki nauyin makarantar Al-Furqan tun 1998. Galibin iyaye dai sukan raba abin biyu, watau boko da safe, karatun Alƙur'ani da yamma ko ran Asabar a masallaci.

Hausa kuwa ba a koyar da ita a waɗannan makarantu, sai abin da uwa ta yi a ɗaki. Kafin shekara biyu sai ka ji an yi wa yaro magana da Hausa, ya amsa da Turanci. Saboda haka waɗansu kan mai da 'ya'yansu Kano ko Kaduna wurin kakanni, su yi shekara ɗaya ko biyu. Mai yin haka lalle ya dawo da yaro kafin ya cika 14, gama daga nan ake soma shirin jarrabawar GCSE, wanda ke cin shekara biyu.