Wa Emacs Yake Jira?

Ciwon yana da lokacinsa. Ana cikin rubuta kod lafiya lau, da zarar an danna C-x C-s don adana fayil, sai Emacs ya sandare. Maɓalli ba ya amsawa, allo ba ya motsi. Can bayan daƙiƙu masu yawa sai ya farfaɗo, ya zubo duk haruffan da aka danna a lokaci guda. Mai kwamfutar, wata ɗaliba da ke koyon gina shafukan intanet, ta riga ta yanke hukunci: "Malam, na'urar ce ta tsufa, sai an ƙara mata RAM."

Ban yarda ba, don kuɗin RAM ba ƙarami ba ne ga ɗaliba, kuma akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Muka buɗe taminal, muka kunna top, sannan ta adana fayil. Da na'urar ce ta gaza, da mun ga Emacs yana haƙilo, ya cinye ƙarfin furosesa. Abin da muka gani akasin haka ne: yana zaune shiru, ba ya aikin komai. Wanda ya sandare alhali ba ya aiki, jira yake yi. Saura a san wa yake jira.

Muka tashe shi da emacs -Q, wato ba tare da saitin mai shi ba. Adana fayil ya tafi sumul. Ashe mai laifin yana cikin abin da ta ƙara da hannunta. A nan ne mutane da yawa suke kama cire layukan saiti ɗaya bayan ɗaya, su ɓata yini guda, alhali GNU Emacs, da Richard Stallman ya fitar tun 1985, yana da hanyar tona asirin kansa. Ana kunna toggle-debug-on-quit, a jira ya sandare, a danna C-g. Sai ya baje jerin ayyukan da suka kira juna har zuwa inda ya maƙale. A ƙasan jerin akwai after-save-hook, sama da shi Magit, shahararriyar manhajar sarrafa Git daga cikin Emacs, a can ƙololuwa kuma kiran wani shiri na waje: git.

Hoton ya fara fitowa. Ta saita Magit ya sabunta bayanin ma'ajiyarta duk lokacin da ta adana fayil. Emacs kuwa akasarin aikinsa a layi ɗaya yake yinsa; in ya aiki git, tsayawa yake cak har ɗan aike ya dawo.

Sai dai Git ba a san shi da nawa ba. Linus Torvalds ya rubuta shi a 2005 don ɗaukar kod ɗin Linux, mai fayiloli dubbai. Me zai sa ya yi jinkiri a kan aikin ɗaliba? Muka ajiye Emacs gefe, muka buga time git status a taminal. Jinkirin nan dai ya bayyana, babu edita a tsakani.

Aikin git status shi ne ya ɗauki jerin fayilolin da ke rubuce a .git/index, ya tambayi na'ura girman kowanne da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe, don ya gane wanda ya canza. Yawan fayiloli, yawan tambaya. Muka ƙirga da git ls-files. Aikin da ita kanta ta ce bai kai fayil ɗari ba, sai ga dubun-dubata, kusan duk a cikin node_modules, foldar da npm ke jibge kayan aro.

"Ai na sa ta a .gitignore," in ji ta. Gaskiya ne, ta sa. Amma git log ya nuna ta shigar da foldar cikin ma'ajiya tun ranar farko, kafin ta rubuta wannan layin, kuma .gitignore ba ya aiki a kan fayil ɗin da Git ya riga ya karɓa.

Da nan aka tsaya, da an bar rabin matsalar. Abin da ya hana ni gamsuwa shi ne abokiyar aikinta tana da wannan ma'ajiya, da node_modules ɗinta duka, amma nata Emacs ɗin ko gezau. Na dubi adireshin foldar ɗalibar: /mnt/c/Users. Abokiyar Linux zalla take amfani da shi. Ɗalibar kuwa Linux ɗinta yana cikin Windows ne, ta hanyar WSL 2, wanda ya iso a 2020. A wannan tsari Linux yana gudana a wata na'ura ta gaibu, kuma duk fayil ɗin da ke ƙarƙashin /mnt/c yana ɓangaren Windows. Kowace tambaya sai ta ƙetare iyaka ta hanyar 9P, ƙa'idar sadarwa da aka gada daga Plan 9 na Bell Labs, ta dawo da amsa. Tambaya ɗaya ba a jin nauyinta. Dubun-dubata a jere, su ne daƙiƙun da take zaune tana kallon allo. Microsoft da kansu sun rubuta cewa mai aiki da kayan Linux ya ajiye fayilolinsa a ɓangaren Linux.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Ta buga git rm -r --cached node_modules, wanda ke cire foldar daga lissafin Git ba tare da goge ta daga na'ura ba, ta tabbatar da canjin. Sannan ta kwafo ma'ajiyar da git clone zuwa gidanta na Linux, ƙarƙashin /home. Yanzu git status yana dawowa kafin daƙiƙa guda, saitin Magit kuma yana nan yadda ta bar shi. In tana son buɗe fayilolin daga Windows, adireshin \\wsl$ yana kai ta can.