Zancen zuci da rage ƙiba

Akwai wanda muke hira da shi dare da rana, ba mu rabuwa da shi ko a gona ko a kan tabarma. Wannan shi ne kanmu. Abin da mutum yake faɗa wa kansa a ɓoye shi ake kira zancen zuci, kuma yana da hannu cikin lafiyar jiki.

Mu ɗauki magidanci mai kilo 80. An gwada shi a gidan likita, an ce yana da hawan jini, sai ya rage ƙiba. Ya rage sukari a shayi, ya rage gishiri da dunƙule a miya. Kwana 10 yana riƙe da dokar. Ran nan aka yi suna a maƙwabta, ya ci shinkafa da nama har ya yi nauyi. Da dare zuciya ta ce masa: «Kai ba ka iya komai. Tunda ka ɓata, ci abinka.» Washegari ya koma halinsa na dā.

Abincin rana guda ba ya mai da mutum baya. Abin da ya kā da shi, maganar da ya yi wa kansa ce.

Masana sun gwada wannan. A shekarar 2007, a ƙasar Amurka, Claire Adams da Mark Leary sun ba ƴan mata ɗalibai wani soyayyen abu mai kama da fanke, suka ci. Aka ce wa wasunsu kada su zargi kansu, kowa yakan ci irin wannan. Sauran ba a ce musu komai ba. Sannan aka ajiye musu alewa. Cikin masu tsaron ƙiba, waɗanda aka kwantar wa da hankali sun ci alewa kaɗan, waɗanda aka bari da zargin kai sun fi ci.

Dalili kuwa, damuwa takan sa jiki ya fitar da wani sinadari mai suna kotizol. Idan ya daɗe da yawa a jiki, yakan ɗaga sukarin jini, ya ƙara kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Damuwa kuma tana hana barci, marar barci ya fi jin yunwa.

Magana mai daɗi kaɗai ba ta narkar da kitse. Amfaninta shi ne ta riƙe mutum bisa aikin. Aikin kuwa bai fi ƙarfinmu ba. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau 5. Tafiya gona a ƙasa da noma da jan ruwa duk suna ciki. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali guda ke nan. Mai kilo 80 in ya sauke kilo 4 zuwa 8, hawan jini da sukari sukan yi sauƙi. Rabin kilo a mako ya isa.

To, me za mu faɗa wa kanmu? Maimakon «na kasa», mu ce «jiya na wuce iyaka, yau na koma hanya». Maimakon «ƙiba gadonmu ce», mu ce «bayan la'asar zan taka zuwa bakin gari». Mu yi wa kanmu magana kamar yadda muke yi wa ɗan'uwa sabon shiga ajin yaƙi da jahilci. In ya rubuta baƙi a karkace ba mu korarsa, cewa muke ya goge allo ya sake.

Gargaɗi: mai ciki da mai goyo da yara kada su rage ci sai da shawarar likita. Wanda yake ramewa ba dalili, shi ma ya je a duba shi.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu lafiya.