Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Ɗanki, Waya Da Darasi

Shin kin taɓa leƙa ɗanki a lokacin da ya ce miki yana karatu a waya? Malami na bayani a kunnensa, yatsansa na can cikin WhatsApp, ga kuma ƙannensa na kallon fim a gefensa.

Karatu daga nesa ya shigo gidajenmu sosai ne a 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe makarantu, aka koma ɗaukar darasi ta rediyo da talabijin. A 2022 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, wato darussa ta intanet. A Sabon Birni da Isa, inda rashin tsaro ya raba yara da yawa da azuzuwansu, wannan hanya ba ado ba ce. Ba kuma kullum take samuwa ba: ba mu manta da Satumban 2021 ba, da aka toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da namu. To, ashe bai kamata mu bari damar ta tafi a banza ba.

Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe tunani biyu a lokaci guda, tsalle take yi tsakaninsu. Kafin yaro ya dawo daga saƙon abokinsa, malami ya wuce. Ke ma kin san makomar tuwon da aka bari ana talge aka tafi hira a zaure: gudaji. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Stanford ta Amurka a 2009 ya gano cewa ɗaliban da suka saba haɗa kafofi da yawa sun fi sauran kasa kawar da kai daga abin da bai shafi aikinsu ba.

Mafita na hannunki. Idan darasin na saukuwa, a sauke shi, a kashe data. A kashe kallo, ya riƙe biro da littafi. Ke ma ki daure, kada ki aike shi sayen magi a tsakiyar darasi. Idan ya gama, ki ce ya biya miki abin da ya fahimta, kamar yadda ake karɓar hadda a Islamiyya. Nan za ki gane ko karatu ya yi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir, amin.