Tseren Keke: Manhaja Ba Ta San Hazo Ba

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun, ga magana a kan samarinmu na gida masu shirin tseren keke.

Wanda ya san Mararaban Rido, kusa da matatar mai ta Kaduna, ya san hanyar da ta miƙe ta Kujama da Kachiya har Kafanchan. Hanya ce mai tsawo da za ta horar da ɗan tsere. Gasa kuwa ba baƙuwa ba ce, domin Kaduna ta karɓi Wasannin Ƙasa a 1977 da 2009.

Yanzu akwai manhajojin waya masu tsara horo, kamar TrainerRoad, wadda tun 2021 take sauya tsarin da kanta. In mutum ya kasa aikin yau sai ta sassauta masa na gaba, in ya gama cikin sauƙi ta ƙara masa.

To, amma lissafinsu ya fi dogara ga na'urar auna ƙarfin tuƙi, wadda ta fi ƙarfin aljihun talaka. Na'urar ba ta ganin ƙurar hunturu, ko zafin bazara, ko azumi, ko wunin gona. Ya kamata masu ƙera manhajojin su sa waɗannan cikin lissafi, don kada yaro ya ƙarar da ƙarfinsa tun kafin ranar gasa.

Kafin nan, ku gaya wa ƙannenku: kowace safiya su ƙirga bugun zuciyarsu na minti ɗaya. In ya haura yadda aka saba, a huta. In gasa ta rage mako ɗaya ko biyu, a rage horo.

Allah ya ba mai rabo sa'a.