Dogon Hutu a Yammacin Zamfara: Fita da Yara Ba Sai da Kuɗin Mota Ba

A ƙarshen watan Yuli, daidai lokacin da gero ya rufe mutum a gonakin Anka da Gummi da Bukkuyum, makarantun boko ke sallamar ɗalibai zuwa dogon hutu. Ba za a koma ba sai cikin Satumba. Makon farko murna ce zalla. Kafin na biyu ya ƙare, uwa ta gaji da rabon faɗa a tsakar gida, yara kuma sun fara damun maigida da tambayar ina za a kai su, musamman waɗanda suka leƙa wayar yayyensu suka ga 'ya'yan Kano suna kallon zaki a gidan zu na Audu Bako.

Tambayar tana da nauyi, domin abin da ke cinye kuɗin fita da iyali a wannan yanki shi ne hanya. Kafin a cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa, kuɗin mota kuma ya bi ta. Magidancin da ke son kai matarsa da yara huɗu Gusau ko Sakkwato zai biya kujera shida zuwa, shida dawowa, tun bai sayi ko ruwan leda ba. Ga ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ko manomin da rumbunsa ya yi ƙasa yana jiran sabon hatsi, wannan lissafi ba ya fita.

Sannan ga fargabar hanya. Mutanen nan ba su manta da watan Janairun 2022 ba, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mazauna suka ce waɗanda aka kashe sun kai kusan 200, ko da yake hukuma ta ba da adadi ƙasa da haka. Babu uban da zai ɗora 'ya'yansa a hanyar da bai amince da ita ba don kawai a sha iska, kuma yana da gaskiya. To amma kulle yara a gida makonni shida shi ma yana da nasa illar. Yaron da ya rasa abin yi a gida zai nemo shi a waje, kuma a wannan yanki wajen yana iya zama bakin gulbi ko wurin haƙar zinariya.

Mafita mafi sauƙi tsohuwa ce, iyaye mata kuma sun fi kowa saninta: zuwa yini. Uwa ta yi wa yara wanka da safe, a saka kayan Sallar bara, a ɗauki ɗan ƙunshin goro ko sabulu, a tafi gidan kaka ko gwaggo ko kawu a wata unguwa, ba za a dawo ba sai bayan la'asar. Kuɗin da za a kashe bai wuce na kabu-kabu ba, sau da yawa ma ƙafa ta isa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma yaro yana samun abubuwa a yini ɗaya da babu wurin wasan da zai ba shi: ya san 'ya'yan kawunsa, ya ci tuwon wani gida, kakarsa ta tsokane shi da wasan jika, ya dawo da tsarabar ƙuli-ƙuli a aljihu. Gidaje huɗu na dangi ɗaya za su iya tsara abin bi da bi, kowane mako yara su taru a gida guda, kowace uwa ta aiko da mudun wani abu. Da haka kowace uwa ta samu kwana uku na hutawa a wata, ita kuma ta ɗauki nauyin guda. Abin da ya kamata a ƙara shi ne maza su shigo ciki. Yawanci ana barin yini ga mata, alhali yaro ba ya manta ranar da babansa ya riƙe hannunsa suka zaga gari.

Kuma akwai abin zagawa. Yaran Anka da yawa suna wucewa ta ƙofar fada kullum ba tare da sanin cewa garinsu ne mazaunin Sarkin Zamfara ba, sarautar da ta girmi jihar da aka ƙirƙiro a 1996 da ɗaruruwan shekaru. Labarin yana da daɗin ji: yadda sarautar ta faro daga Dutsi, ta kafa Birnin Zamfara, Gobirawa suka ci birnin a ƙarni na 18 suka gina Alƙalawa, sarakunan Zamfara suka yi ta sauya mazauni har suka tabbata a Anka a farkon ƙarni na 19. Akwai labarin Sarauniya 'Yargoje da tarihin baka ya adana, wanda 'yan mata za su so su ji. Akwai shekarun da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin jihadi. Duk wannan yana bakin dattawan da ke zaune a inuwar fada da zaurukan unguwanni, kuma galibinsu suna jin daɗi idan aka zo tambaya. Uba ya nemi izini tun da wuri ta hannun mai unguwa ko wani bafade, ya koya wa yaran cire takalmi da durƙusawa da faɗin “Ranka ya daɗe,” sannan ya ja baya ya bar su su yi tambaya da bakinsu.

A Gummi, inda tsohon babban alƙalin Abuja, Mai shari'a Lawal Hassan Gummi, ke riƙe da sarauta, akwai wani suna da kowane yaro ya taɓa ji a rediyo. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya karɓi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987, ya rasu a 1992, ɗan garin ne. Yaron da aka buɗe wa fassarar nan aka ce masa mai wannan aiki a nan ya fara karatun allo, zai kalli allonsa da wani ido daban.

Masu sana'a ma wurin ziyara ne, kuma damina lokacinsu ne. Maƙera tana cike da fartanya da lauje masu jiran gyara, yara kuwa suna iya shafe sa'a guda suna kallon yadda zuga-zugi ke hura gawayi har ƙarfe ya yi ja. Haka wurin masu gyaran babur, da teloli, da mai haɗa fitilar sola. Ranar kasuwa, a bai wa kowane yaro ɗan canji a hannunsa, a ce ya yi ciniki da kansa ya kawo lissafi. Wanda bai son darasin lissafi a aji zai ƙirga canjinsa sau uku ba tare da an ce ya yi ba.

Batun abinci shi ne inda damina ta yi wa mai ƙaramin ƙarfi adalci. Watan Agusta zuwa Satumba lokacin ɗanyar masara ne, da sabuwar gyaɗa, da ƙwan zabi, da nono mai yawa saboda shanu sun ƙoshi da ciyawa. Idan akwai gona a bayan gari, wadda mutane ke zuwa kullum lafiya, safiya ɗaya a can ta isa a kira ta fita. Yara su taya cirar ciyawa na ɗan lokaci, a hura wuta a gindin bishiya, a gasa masara, idan gero ya nuna a yi tumu, a sha fura. Kwaɗon zogale ko na tafasa da aka haɗo daga gida, da hoce ga masu son sa, ya fi duk wani biskit ƙosarwa da araha. Ruwan sha dai a taho da shi daga gida, tafasasshe ko na famfon da aka yarda da shi, domin damina ce lokacin da amai da gudawa ke yaɗuwa. A fita da sassafe, a dawo kafin hadarin yamma ya haɗu. Gonar da ke nesa, ko wadda aka kwana biyu ba a zuwa, a bar ta. Mai unguwa da 'yan sintiri sun fi kowa sanin inda ya yi lafiya a wannan mako.

Wurare biyu ne ya wajaba a faɗa wa yara ƙarara cewa ba wurin wasa ba ne. Na farko ruwa. Gulbin Zamfara da ke ratsa ƙasar Gummi yana da kyan gani idan ya cika, amma a watan Agustan 2024 ambaliya ta rushe dubban gidaje a garin, a watan Satumbar wannan shekara kuma kwale-kwalen da ya ɗauko manoma ya kife, gomman mutane suka rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Kududdufi da tafki ma, ko ba su da zurfi, suna da nasu haɗarin. Ƙwayar cutar tsargiya tana rayuwa a jikin ƙananan dodon-koɗi na ruwan da ba ya gudu, ta fito cikin ruwan, ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba, bayan makonni ya fara fitsarin jini. Wasu na ɗaukar wannan alamar girma ce ga yaro namiji, alhali ciwo ne mai lalata mafitsara, kuma akwai maganinsa a asibiti. Kallon gulbi daga tudu, hannu cikin hannun babba, ya wadatar.

Na biyu shi ne duk inda ake daka ko niƙa dutsen zinariya. A 2010 aka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka ga girman abin a Bagega. Dutsen da ake haƙowa yana ɗauke da gubar dalma mai yawa. Da aka riƙa niƙa shi a cikin gidaje, ƙurar ta zauna a ƙasar da yara ke rarrafe, suna kai hannu baki. Yara kusan 400 suka rasu, dubbai suka sha magani a hannun likitocin ƙungiyar MSF, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aikin da ya kai Bagega a 2013. Dalma ba ta da wari, ba a ganinta, kuma ko ba ta kashe ba tana taɓa ƙwaƙwalwa ta rage fahimtar karatu har abada. Dogon hutu ne lokacin da samari ke zuwa neman na kashewa a irin waɗannan wurare, ƙannensu kuma su bi su kallo. Tufafin da aka dawo da su daga can ma suna shigo da ƙurar cikin ɗaki.

Idan an cire waɗannan, abin da ya rage na wasa yana da yawa kuma kyauta ne. Ƙasa ta jiƙe, yumɓu ya samu, yara su gina shanu da tukwane su shanya. Maza su yi langa da ƙwallo, mata su yi carafke da gaɗa, kaka ta buɗe tatsuniya bayan sallar isha, amma a cikin gidan sauro ko kusa da shi, domin wannan ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yara. Masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina suna bi gida-gida wata-wata don yara 'yan wata 3 zuwa 59, saboda haka kada ranar yini ta sa ƙaramin yaro ya rasa nasa. A 'yan shekarun nan kuma watan Maulidi yana faɗowa cikin hutun ko dab da ƙarshensa, don haka gidajen da ke raya shi suna da ranar fita a shirye.

Akwai rabon da ya kamata hukuma ta ɗauka. A Anka da Gummi da Bukkuyum, filin makarantar firamare yana kusa da jama'a, kuma a kulle yake ko a yashe tsawon hutu. A Ingila, tun 2021 gwamnati ke ba ƙananan hukumomi kuɗi su shirya wa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi wasanni da abinci a lokacin hutu, sau da yawa a harabar makarantu. Zamfara ba ta da irin wannan kuɗi, amma gwamnatin Dauda Lawal ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023, kuma buɗe filin makaranta safiya biyu a mako ba ya buƙatar kasafi mai yawa. Ana buƙatar izinin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, da hedimasta mai riƙe da makulli, da iyaye biyar ko shida masu karɓa-karɓar sa ido, da ƙwallo biyu da igiyar tsalle waɗanda karo-karon unguwa zai saya. Ɗaliban kwaleji da jami'a da suka dawo gida hutu za su iya koyar da karatu na rabin sa'a kafin a shiga wasa, 'yan mata kuma a ware musu nasu ɓangaren da malama mace, don iyaye su saki jiki su bar su su zo.

Irin wannan fili zai fi amfanar waɗanda ba su da gidan kaka da za su je yini. Garin Anka ya karɓi iyalai masu yawa da rikici ya koro daga ƙauyukansu, haka Gummi da Bukkuyum, kuma 'ya'yansu da dama ba sa cikin rajistar kowace makaranta. Idan aka buɗe ƙofar ba tare da tambayar katin makaranta ba, hedimasta zai ga waɗannan yara da idonsa, ya rubuta sunayensu da na iyayensu, ya san ajin da ya dace da kowanne kafin a koma karatu a Satumba.