Kurangar Inabi: Daga Tuddan Faransa Zuwa Jigawar Daura

A lardin Bagandi da ke gabashin Faransa akwai wani gari mai suna Shabli, wanda sunansa ya zaga duniya saboda farar giyar da ake matsowa daga inabin gonakinsa, irin da ake kira Chardonnay. Manoman wurin sun gaji wani sani daga kakanninsu, wato ɗanɗanon inabi yana bin ƙasar da ya tsiro a kanta da yanayin da ya nuna a cikinsa. Ƙasarsu mai farin dutse ce, sanyinsu kuma mai tsanani. Don kāre irin wannan suna ne hukumar Faransa ta kafa doka a 1935, wadda ta hana a laƙaba sunan wani yanki ga abin da ba a can aka noma shi ba.

A ƙasar Hausa ba don giya ake noman inabi ba, don ci ne. Manoman Kudan, kusa da Zariya, sun riga sun nuna cewa yana yi a arewacin Nijeriya. To, shin manomin Daura zai iya bin sawunsu?

Matsala ta farko ita ce barcin kuranga. A Faransa, idan sanyi ya kama, kuranga takan zubar da ganye ta huta, ta yi toho wajen watan Afrilu, a tsinke 'ya'yanta wajen Satumba. A nan kuwa babu sanyin da zai kwantar da ita, sai ta yi ta yaɗo ba 'ya'yan kirki. Saboda haka wuƙar manomi ce ke maye gurbin sanyi. Idan damina ta ɗauke, sai a datse rassa, a ci gaba da ban ruwa. Sabon toho ya fito, ya yi fure, bayan kamar wata huɗu 'ya'ya su nuna. Hasken rana yana tara zaƙi a cikinsu, sanyin daren hunturu kuma yana riƙe ɗan tsamin da ke ƙara musu daɗi.

Dalilin kauce wa damina shi ne laima, domin ita ke kawo funfunar da ke ƙone ganye ta ruɓar da 'ya'ya. Wannan cuta ta addabi Faransa har 1885, lokacin da masanin tsirrai Millardet ya bayyana maganin feshi na gishirin tagulla da farar ƙasa, wanda har yau ake amfani da shi. A nan ƙarancin ruwan saman Daura ya zama alheri, muddin akwai rijiyar burtsatse ko ruwan madatsa irin ta Sabke.

Matsala ta biyu tana ƙarƙashin ƙasa. Daga 1863 wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera, wanda ya shigo daga Amurka, ya dinga tsotse saiwar kuranga har ya halaka mafi yawan gonakin inabin Faransa. Abin da ya cece su shi ne auren itace: aka ɗaura reshen inabin Turai a kan gindin na Amurka, wanda ƙwaron ba ya iya kashewa. Wannan ƙwaro ba ya jin daɗin rairayi, to amma jigawa tana da nata abokin gaba, wato wasu ƙananan tsutsotsi da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu. Maganinsu ma auren ne, a kan gindi mai juriya.

Noman inabi yana cin jari: rumfar waya, da taki, da ruwa, da jiran shekara biyu zuwa uku kafin a ga amfani sosai. Don haka wajibi ne manomi ya kai ƙasar gonarsa a auna, ya kuma nemi shawarar malaman gona kan irin da ya dace kafin ya kafa turke ko ɗaya.